Ranar Da Na Zama Idon Inna A Argungu

 Na san da yawanku kun leƙo ne domin ku ga ci gaban labarin da muke kai, musamman waɗanda suka dame ni da saƙonni a kan ko auren nan zai yiwu ko ba zai yiwu ba. To ku yi mini afuwa, wannan makon babu shi. Na zauna zan rubuta babin da za a kai amarya gidanta na Abuja, har na fara jero kujeru da labulaye kamar yadda na saba, sai alƙalamin ya ƙi tafiya. Dalilin ƙin tafiyarsa shi ne abin da zan ba ku labari yau. Ba ƙagaggen labari ba ne, abin da ya faru ne tsakanina da mahaifiyata a wuni ɗaya tak, a watan Janairun 2025, kuma tun daga lokacin yake cina a rai.

Bari in fara da gaya muku abin da ban taɓa faɗa wa masu karatuna ba. Ni dai a Kano aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, a nan na yi aure, a nan kuma na fara rubutu. Amma mahaifiyata, wadda muke kira Inna, Bakabiya ce 'yar Argungu, 'yar masunta gaba da baya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin bandar kifi yake yi daga ƙasar Kabi zuwa Kano, a wajen wannan fataucin ya gan ta ya aure ta, ya taho da ita tana 'yar shekara 17. Tana da tsagar Kabawa a kumatunta biyu, irin wadda ko daga nesa ka hango ba sai ka tambayi asali ba. Ni ce 'yarta ta fari, don haka har yau ban taɓa jin sunana a bakinta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan".

Inna ba ta lissafin shekaru da kalanda, da sarakuna take yi. Takan ce an haife ta shekarar da aka naɗa Sarki Muhammadu Mera, wato 1959, kuma rabonta da Argungu tun shekarar da ya rasu, 1996, domin a shekarar ne mahaifinta ma ya rasu. Ta je zaman makoki ta dawo, aka raba gado aka sayar da gidan, 'yan uwanta suka watse neman ruwa mai kifi, wasu Yauri wasu har Lokoja. Daga nan sai yau da gobe ta shiga tsakani, ba ta sake komawa ba. Ni kuwa ko sau ɗaya ban taɓa zuwa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce rashin hali ne ba. Rashin so ne.

Ga mafarin rashin son. Ina aji uku a makarantar kwana, a 1994, Inna ta zo mini ranar ziyara. Ta sha atamfarta ta sallah, ta riƙo mini ƙunshin bandar kifi a takardar siminti da ɗan garin rogo da ƙuli. A ɗakinmu akwai 'ya'yan manya waɗanda ake zuwar musu da mota da kuloli jere. Muna tsaye a gindin darbejiya sai ɗaya daga cikinsu ta matso ta toshe hanci, ta ce da ni a hankali, "Wace ce wannan mai zane a fuska?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Goggona ce daga ƙauye" ba. Inna na can tsugune tana kwance ƙunshi, na tabbata ba ta ji ba. Ta yi mini nasiha ta tafi, ni kuma na ɓoye kifin a ƙasan akwati ina ci da daddare. Da na fara rubutu kuwa, littafi goma sha huɗu na fitar, babu guda ɗaya da jarumarsa take da uwa mai tsaga. Duk iyayen jarumaina Hajiyoyi ne farare masu zuwa Dubai saro gwal.

To shekara biyu kafin wannan tafiya yana ta fara rufe wa Inna ido. Da farko zare ne ya gagare ta sa wa allura, daga baya sai ta koma gane mutane da murya. Autanmu yana aiki a Birnin Kebbi, shi ya nema mata layin aikin ido a wani asibiti a can, ni kuma na rako ta. Likita ya duba ya ce ranar Litinin za a yi wa ido ɗaya. Daren Laraba muna zaune bayan sallar isha'i sai ta ce, "Gobe ku kai ni Argungu." Auta ya ce, "Haba Inna, ki bari a yi aikin mana, in ido ya buɗe sai mu je ki ga komai da kyau." Ta yi shiru, can ta ce, "In bai buɗe ba fa? Ɗan abin da ya rage mini nake so in je in kashe a can." Ashe duk dariyar da take yi mana tsoro ne fal cikinta, domin akwai maƙwabciyarmu a Kano da aka yi wa aiki ba a dace ba. Babu wanda ya ƙara magana. Da safe Auta ya nemi izini a wajen aiki, muka kama hanya.

Ranar an tashi da hazo mai kauri, ko gaban mota ba a gani sosai. Inna ta ji muna ƙorafi sai ta ce to madalla, yau dai duk mun zama ɗaya. Da muka zo wucewa ta kusa da fadar Sarkin Gwandu Auta ya gaya mata inda muke, sai ta ce, "Wannan garin ma ai namu ne." Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai Auta ya ce gaskiyarta. Birnin Kebbi shi ne babban birnin Kabawa har zuwa 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Kabawa suka fita, suka yi ta gwagwarmaya har suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu. Shi ya sa yau Sarkin Gwandu ne yake zaune a Birnin Kebbi, Sarkin Kabi kuma yana Argungu, alhali jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991 sunan Kabi ta ɗauka. Na yi tsit a bayan mota. Ni da na haddace tafiyar Mungo Park don cin jarrabawa, ban san wannan ba.

Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kamar kilomita hamsin ce, ba ta kai awa guda ba. Amma a cikin wannan 'yar tafiya na ga abin mamaki. Muna wuce Ambursa harshen Inna ya fara juyawa. Matar da ta shekara kusan hamsin tana Kananci, kafin mu kai Alwasa kifi ya koma kihi, tafi ya koma tahi, me ya koma mi, muka ya koma munka. Ni da Auta muka haɗa ido ta madubi. Ta dafa gwiwata ta ce, "Ke, mi kika gani waje?" Na ce gonaki ne. Ta ce gonakin mi? Na ce ina jin shinkafa ce. Ta ce ta damana ce anka yanke ko ta rani ce aka dashe? Na leƙa na ga kore-kore a fadama da injinan ban ruwa suna ta ƙugi, amma wallahi ban san amsa ba. Auta ne ya cece ni ya ce ta rani ce, ya ƙara da cewa yanzu shinkafa ta zama babbar sana'a a nan, har akwai katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Inna ba ta ce komai ba, amma na san an ci ni ɗaya.

Da muka shiga gari Auta ya ce mu fara da gidan tarihi na Kanta tun rana ba ta yi zafi ba. Wannan gida shi ne tsohon gidan sarautar Argungu, wanda ake dangantawa da Sarkin Kabi Yakubu Nabame. Sarakuna sun zauna a cikinsa har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan a 1958 aka mai da shi gidan adana kayan tarihi. An kasa shi sashe goma sha ɗaya, kuma a cikinsa akwai kaburburan sarakunan da suka gabata. A ƙofa Inna ta tsaya ta tuɓe takalmanta. Ma'aikacin da ya tarbe mu ya ce, "Hajiya ai da kin bar su." Ta ce a'a. Sai ta gaya mana cewa tana yarinya kullum ta nan take wucewa da tallan kifi a ka, amma ba ta taɓa shiga ba, domin a ganinsu ɗiyan talakawa ba su shiga gidan sarki ko da sarki ya tashi. Kun ji fa, sai da ta shekara 65 sannan ta taka gidan, a lokacin da idon ganinsa ya tafi.

Muna shiga ɗakin farko sanyi ya buge mu, irin sanyin ginin da mai kaurin bango. Amma hasken ciki kaɗan ne, ɗan abin da Inna take gani a waje ma ya ɗauke gaba ɗaya. Ta damƙe wuyan hannuna ta ce, "To ke ce idona yau. Ke da anka ce kina rubuta littattahai, hwaɗa mani abin da kika gani."

Mai karatu, kai shaida ne a kan yadda nake kwatanta falo. Ina iya cika shafi uku a kan kujerun fata da fitilu masu reto da tayil mai ɗaukar ido da gadon Italiya, alhali yawancinsu a fim da waya kawai na taɓa ganinsu. Amma ga ni tsaye a gaban kayan kakannina, baki ya mutu. Na ce, "Inna, ga takubba nan da gidajensu." Ta ce kube ake cewa. Na ce akwai wata igiya da ake ratayawa. Ta ce hamila. Na ce ga baka da jakar kibiyoyi. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce kwari. Da muka zo wajen kayan kiɗa na ce ga wasu manyan ganguna, sai ta girgiza hannuna kamar ta kama ni da sata, ta ce, "Tambari ba ganga ba ne. Ganga kowa aka yi ma ita, tambari sai sarki." Haka muka bi ta gaban masu da garkuwoyi da bindigogin gargajiya da layun yaƙi, ni mai ido ina lalube, ita marar ido tana gyara mini.

Shi kuwa ma'aikacin, Allah ya saka masa da alheri, da ya lura da halin da ake ciki sai ya rage sauri ya koma ba da labari da baki yadda Inna za ta ji. Ya faro daga Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen 1515. Ya ce Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, a kan rabon ganima suka ɓata, ya yi masa tawaye, kuma Songhai da duk ƙarfinta ta kasa mai da shi. Ya gina birninsa Surame da ganuwar dutse, wadda kufanta yana nan har yau a cikin Jihar Sakkwato, kuma rundunar Borno ta zo har can ta kewaye birnin ta koma ba ta ci shi ba. Daga nan ya gangaro kan Yakubu Nabame, wanda ya yi zaman shekaru a hannun Sakkwato, ya dawo a 1849 ya sake ɗaga tutar Kabawa. Ya ambaci sulhun da aka yi zamanin Sarki Abdullahi Toga, wanda ake kira Lafiyar Toga, da yadda yaƙi ya sake dawowa, har zuwa Sarki Sama'ila da ake kira Sama, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, a zamaninsa Turawa suka zo suka tarar Argungu ba ta faɗi ba. Duk sunan da ya kira sai Inna ta gyaɗa kai kamar ana kiran 'yan unguwarsu.

Da muka je wajen kaburburan muka yi musu addu'a, sai na tsaya ina kallon tsakar gidan. Abin da ya zo mini a rai ba yaƙin ba ne, matan gidan ne. Shekaru aru-aru a nan akwai uwargida da amarya, akwai kishi, akwai wadda aka kawo daga wani gari tana kuka, akwai wadda ta kwana ba barci tana jiran a ji tambari ya sanar da dawowar miji ko kuma a ji shiru. Wato duk abin da nake tafiya har Dubai nema a littattafaina yana nan a garin uwata, ni ce dai ban taɓa leƙowa ba.

Daga nan muka nufi bakin gulbi, wajen da ake kira Matan Fada. Duk wanda ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na Argungu, wannan wurin ya gani. Asalin bikin kamar yadda aka san shi yau daga 1934 ne, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa su na musamman domin girmamawa, abin da ya rufe gabar da ta haura shekara ɗari tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar gasar dubban masunta ne suke jeruwa a bakin ruwa, kowa da homa da gora, ana buga bindiga su ruga su faɗa, wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, a 2020 kuma kilo 78, bayan bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu.

Amma mu ranar da muka je babu ko ɗaya daga cikin wannan. Rumfunan 'yan kallo wayam, sai awaki a inuwa. Ruwan ya ja baya, ya kwanta shiru, domin ba a su a wannan yanki sai Sarkin Ruwa ya buɗe shi lokacin biki. Ni har na fara jin haushi a raina, na ce yanzu wannan ne abin da aka taso mu dominsa? Inna kuwa tun daga mota ta buɗe hanci tana shaƙa. Ta ce mu kai ta bakin ruwan. Muka riƙe ta ni da Auta muka gangara, ta tattare zani ta tsoma ƙafafunta, ta tsaya shiru har na fara tsorata. Na ce, "Inna kina ganin wani abu?" Ta ce, "Haske dai, awa an shimhiɗa kwanon ruhi cikin rana. Ya ishe ni."

Can gefe a gindin wata bishiya akwai wani dattijo yana ɗinkin raga. Muka yi masa sallama, Inna ta nemi ya miƙo mata abin da yake ɗinki. Tana shafawa ta ce homa ce, kuma bakin nan ya yi sake, in ya shiga ruwa da ita haka kihi zai yi masa dariya. Dattijon ya ajiye zare ya dube ta da kyau, ya ce, "Hajiya, ɗiyar wa ce ke a garin ga?" Ta faɗi sunan mahaifinta da unguwarsu. Wallahi sai ga mutumin nan, da furfurarsa da komai, ya sauko daga kan tabarma ya durƙusa yana gaishe ta. Ya ce yana yaro ya ga kakanmu, babu wanda ya kai shi daɗewa a nutso a zamaninsu. Ni ban taɓa sanin haka ba. Abin da na sani game da kakana kawai shi ne yana ƙarnin kifi, kuma ko wannan ba gani na yi ba, zato ne.

Suka ɓarke da hira kamar sun shekara tare. Ta tambaye shi birgi da taru da mamari da gura da undurutu, ya ce duk suna nan. Ta tambayi kifaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai tambayar dangi: giwan ruwa, yauni, bargi, ramboshi, ragon ruwa, ƙurungu, tsage, ƙarfasa, tarwaɗa, har da minjirya mai jan mutum da gaiwa mai kwana cikin busasshen taɓo har damina ta dawo. Wasu ya ce akwai, wasu ya ce sai an sha wuya, domin a cewarsa tun da aka yi madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo a sama gulbin bai koma yadda iyayensu suka san shi ba. Suka taɓo gyaran ruwa da fashin ruwa, al'adun da masunta suke yi tun kafin a san da biki. Ni dai na lalubi jaka ban sami littafi ba, sai takardar asibitin Inna. A bayanta na riƙa rubuta kalmomin nan, hannuna har rawa yake yi kada wata ta wuce ni. Takardar tana nan wajena, gabanta sunan cuta, bayanta sunayen kifaye.

Bayan mun yi azahar Auta ya kai mu wajen wata mata mai suyar kifi, muka zauna a benci aka zubo mana da zafinsa da yaji. Matar mai fara'a ce, ta ga tsagar Inna ta gaishe ta da Kabanci, sannan ta dube ni ta ce, "Inna, wagga ɗiyarki ce?" Inna tana cire ƙaya da yatsu, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wagga? A'a. Ni gwaggonta ce daga ƙauye."

Mai kifin ta yi dariya, ta ɗauka alkunyar 'yar fari ce irin ta iyayenmu. Auta ma dariya ya yi, domin bai san komai ba. Ni kuwa loma ta tsaya mini a wuya. Shekara 31! Ashe ta ji. Ta ji, ta gama kwance ƙunshinta, ta yi mini nasiha, ta hau motar haya ta koma gida, ta yi mini aure, ta yi mini wankan jego sau biyar, ba ta taɓa ko nuna mini a fuska ba. Hawaye suka ɓalle mini a gaban mutane. Na sauka daga bencin na durƙusa na riƙe ƙafarta, wadda har lokacin da sauran taɓon gulbi a jiki, na ce, "Inna ki yafe mini don Allah." Ta ce, "Tashi ke, kada ki tara muna jama'a. Na yahe tun ban kai tasha ba. Ƙuruciya ce." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Amma kihin ai kin cinye shi ko?" Na ce ko ƙaya ban bari ba. Ta ce, "To shi ke nan. Sarkin Musulmi da Sarkin Kabi ma kihi ya shirya su." Ta tura mini nata kason ta ce in ƙara.

Kafin mu bar gari ta sa aka kai ta unguwarsu. Gidan da aka haife ta an rushe an yi ginin bulo da shaguna a gaba, ba ta nemi shiga ba, ta dai dafa bangon ta yi wa iyayenta addu'a. Muka sayi banda ƙunshi uku muka kamo hanyar Birnin Kebbi da la'asar. Motar Auta ta ɗauki ƙarni har ya sauke gilashi, ni kuwa na ce ya mayar ya rufe. Inna ta yi barci a kafaɗata tun kafin Alwasa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da nake.

Ranar Litinin aka yi aikin. Da za a shiga da ita ba ta nuna tsoro ba, ta ce ai ta riga ta kashe kuɗinta a kasuwar da take so. Washegari aka cire bandeji, muna tsaye ni da Auta kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ta ƙifta ido, ta ƙifta, ta juyo ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta ce, "Ashe kin tsufa." Alhamdu lillahi, ban taɓa jin daɗin baƙar magana irin wannan ba. Daga baya an yi wa ɗaya idon shi ma an dace. Yanzu maganarta kullum ita ce a mai da ita gidan Kanta, wai tana so ta gani da idonta ko abin da na gaya mata daidai ne, domin ba ta yarda da ni ba.

To 'yan uwa, kun ji abin da ya tsayar da alƙalami. Ba cewa nake yi laifi ne a rubuta gidan Abuja ko na Dubai ba, mai karatu yana son ya huta da talaucinsa ko na awa guda ne, ni ma kuma da irin waɗannan littattafan na ciyar da 'ya'yana. Amarya za ta tare mako mai zuwa in Allah ya yarda, da kujerunta da labulayenta, ba zan rage mata ko cokali ba. Sai dai na ɗauki alkawari tsakanina da kaina cewa littafin da zai biyo bayan wannan a bakin Matan Fada zai faro, jarumar 'yar masunta ce, uwarta kuma tana da tsaga a kumatu biyu, kuma babu inda za a ɓoye ta. Na riga na fara zama da Inna kowace Juma'a da yamma da littafi da biro, tana faɗa ina rubutawa, tana yi tana yi mini dariya.

Ina roƙon masu karatu na Argungu da Birnin Kebbi da Augie da sauran ƙasar Kabi, idan kun ga na karya wata kalma a cikin waɗanda na jero a sama, ku gyara mini, ɗaliba ce ni sabuwar shiga. Wanda kuma Allah ya bar masa tsohuwa ko tsoho a gida, ya tambaye su inda suke so a kai su tun da sauran ido. Tafiyar tamu ba ta ci komai ba sai man mota da kuɗin kifi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku a kullum.